Kwanan Wata a Gwiwar Magini

Mijina magini ne, kuma leburorinsa sun daɗe da laƙaba masa suna: Sai-ya-kama. In an zuba kankaren rufin bene, zai ɗauki gawayi ya rubuta kwanan wata a jikin ginshiƙi, ya ce duk wanda ya taɓa masa sandunan tokara kafin kwana ashirin da ɗaya, to ya nemi wani ubangidan. Mijin ƙanwarsa ma bai tsira ba, ya kore shi a kan haka, ƙanwar ta yi wata biyu ba ta gaishe mu.

To wannan mai wa'azin haƙurin ne ya zame daga tsani ya daki gwiwar dama. Ya yi ta ɗingishi yana cewa targaɗe ne, har sai da na ja shi asibiti da faɗa.

Likitar wata 'yar siririya ce mai saurin magana. Ta nuna mana hoton gwiwar, ta ce guringuntsi ne ya ɓantare, farin abin nan mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi. Ramin bai wuce faɗin murfin kwalba ba, amma guringuntsi ba ya tofowa da kansa.

"Za mu cike wurin da wani abu, haidirojel ake ce masa," in ji ta. "In ka gan shi kamar sitacin da aka dama, yawancinsa ruwa ne. Amma a ciki akwai saƙa mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ƙwayoyin jikinka za su shiga su zauna, su fara gina sabon nama. Suna ginawa, shi kuma yana narkewa a hankali."

Mijina ya gyara zama. "Wato katako da tokara ke nan. Ba shi ne ginin ba."

"Ka riga ni, Baba. Sai dai sharaɗi ɗaya: sati shida ba za ka ɗora nauyi a ƙafar nan ba. In ka taka kafin ya kama, zai murƙushe, kuma ba lallai a iya sakewa ba. Daga nan hawan tsani sai dai ka kalli wasu."

"Ni za a koya wa jira?" Har da 'yar dariyarsa.

Shekara ashirin da shida nake tare da mutumin nan, na san ko ruwa aka ɗora a wuta sai ya buɗe murfi sau uku.

Aka yi aikin lafiya, muka dawo gida da gwiwa a naɗe da farin ƙyalle da sanduna biyu na dogarawa. Kwana uku na farko, malam, sai ka ce waliyyi. A na huɗu ya fara gano cewa bangon falona ya karkace. A na biyar ya ce tayil ɗin ƙofar banɗaki an ɗora shi a gurguje, alhali shi ya ɗora da hannunsa. Da na ga ya fara kallon ƙofar waje yana kaɗa lafiyayyar ƙafar, sai na kwashe takalmansa kaf, har da na wanka, na kai wa maƙwabciya ajiya.

Rana ta tara da hantsi ƙanensa ya kira. Auta muke ce masa, ko da yake ya ba arba'in baya, kuma shi aka bar wa aikin wani bene da suka zuba wa rufi kafin a kwantar da yayan. Ina kicin na ji muryar mijina ta tashi.

"Kwana nawa? Sha biyu? Auta, kana hauka ne? Ka ce wa mai ginin... a'a, kar ka ce komai, ga ni nan!"

Kafin in goge hannu in fito, ya kai bakin ƙofa. Sanda ɗaya a hammata, ɗayar a yashe, ya zura lafiyayyar ƙafar cikin silifas ɗina mai fure, rabin diddigensa a waje. Ƙafar da aka yi wa aiki kuwa tana lilo, saura ƙiris ta taɓa ƙasa.

"Baban 'yan biyu, in ka sauke ƙafar nan, ni da kai ne."

"Mai ginin ya matsa a cire tokara yau, masu tayil za su shiga. Auta ba ya iya ce wa mutum a'a. Rufin nan zai tsage a kan mutane!"

"Lallai laifi tudu ne. Naka rufin kwana tara, kana shirin cire masa tokara, kana hango na wani mai sha biyu."

Na tura masa kujera da ƙafa, ya zauna. Sai ya yi ƙasa da murya, abin da ban saba ji ba.

"Sai na buga kankare na ji ƙararsa nake sanin ko ya kama. Babu mai kunnen nan a cikinsu. Kuma ni tsoro nake ji, Maman 'yan biyu. Kar in tashi in tarar an saba yi ba ni."

Allah Sarki. Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna ba, don in ya ga fuska ya samu hanya. Na ce ya ba ni silifas ɗina da ƙaramar gudumarsa, na nufi wurin ginin.

Ni da ko kan kujera na hau cire yanar gizo jiri nake ji, ni ce na hau tsanin katako har saman bene, ina salati, Auta na riƙe da gindin tsanin yana ƙyaƙyata dariya.

"Matar Yaya, yau ke ce Sai-ya-kama?"

"Riƙe da kyau, sarkin tsoro. Da ka iya buɗe baki da ban zo nan ba."

Na kira mijina, na kwantar da wayar a kan kankare, na buga guduma kusa da ita.

"Matsa tsakiya," ya ce. Na matsa na buga. "Ƙara. Da ƙarfi mana, ba ƙwai ba ne." Na ƙara. Ya kasa kunne, ina jin numfashinsa. "Kin ji yadda ƙarar ke mutuwa, ba ta amsawa? Ɗanye ne. Ba ni mai ginin."

Na sauko na miƙa wa mutumin waya. Ban san me aka faɗa masa ba, na dai ga yana ta "to, to, Allah ya ba da haƙuri", ya sallami masu tayil. A gindin ginshiƙi, ƙarƙashin rubutun mijina, na ga guntun gawayin da ya yar. Na ɗauka na ƙulle a bakin mayafi.

Da na dawo na same shi inda na bar shi, ƙafa a kan matashi, yana ta zumuɗin a ba shi labari. Ban ba shi ba. Na durƙusa na rubuta kwanan watan da aka yi masa aiki a kan farin ƙyallen gwiwarsa, da manyan baƙaƙe.

"Duk wanda ya taɓa min ginin nan kafin kwana arba'in da biyu," na ce, "ya nemi wata matar."

Ya yi dariya har da hawaye. Kuma ya zauna, ban ce babu mita ba. Duk sanda aka canza ƙyalle, shi da kansa yake miƙo min gawayin.

Ranar da sati shida suka cika, likita ta duba sabon hoto ta lallatsa gwiwar, ta ce alamu sun yi kyau, sauran ginin sai a hankali, amma ya fara takawa kaɗan-kaɗan. Ya ajiye sanda ɗaya ya dafa kafaɗata. Ya sauke ƙafar, ya tsaya yana saurare kamar yadda yake wa kankare. Taku ɗaya. Biyu. Uku.

"Mama, ki ɗan sake shi mu gani," in ji likita.

Ashe ni ce na ƙanƙame masa riga ta baya, hannuna ya ƙi buɗewa.

"Bar ta, likita," ya ce. "Wannan tokarar ban rubuta mata ranar cirewa ba."

Na ce ya yi min shiru ya kalli gabansa, na juya ina gyara mayafi don kar yarinyar nan ta ga idona. Da muka isa gida ban ko shiga ba, na wuce wurin maƙwabciya na karɓo masa takalmansa.