Layi Na Goma Sha Bakwai

Shekara ashirin da biyu ina aikin lauya, ban taɓa yarda da shaidar da ta zo mini a wanke a goge ba. Shi ya sa da ƙanwata ta dire takardar nan a kan teburina tana murmushi, ni ban taya ta murna ba.

"Yaya, ga ta nan. Allah ya wanke shi."

Ɗanta, Auta, yana tsaye a bayanta, kai a sunkuye kamar mutumin kirki. Shekararsa ta ƙarshe ke nan a jami'a. Wata 'yar ajinsu ta kai ƙara cewa ranar Talata, tsakanin biyu da uku na rana, ya rutsa ta a ɗakin karatun sashensu ya kai mata hannu. Jibi kwamitin ladabtarwa zai zauna. In suka same shi da laifi korarsa za su yi, shekara huɗu ta tafi a banza, kuma babu makarantar da za ta karɓe shi da wannan tabo.

Takardar kuwa kwafin rajistar aji ce ta wannan Talatar, laccar biyu zuwa huɗu, a wani gini can ƙarshen makaranta. A layi na goma sha bakwai ga sunan Auta, ga lambarsa, ga sa hannu.

Na ce wa ƙanwata ta je wajen sakatariyata ta zauna.

"Haba Yaya, ni fa na haife shi."

"Shi ya sa."

Ta fita tana ƙunƙuni. Na sa tabarau na jawo takardar. Na sha kare samari a gaban irin wannan kwamiti, kuma wallahi akwai waɗanda aka yi wa sharri. Akwai kuma waɗanda har yau in na tuna fuskarsu abinci ba ya mini daɗi. Sannan ni ma na yi ɗalibta, na san yadda rajista take yawo a aji: daga gaba ta gangaro baya, mutum ɗaya ya sa wa abokansa biyar hannu, malami yana can yana fama da allo.

Daga layi na sha biyar zuwa na sha tara duk rubutun ya kwanta gefe guda. Kuma kowace bakwai da ke cikin lambobin an ja mata ɗamara a tsakiya.

Na tura masa farar takarda da biro. "Rubuta sunanka da lambarka."

"Kawu, ai ga su nan a…"

"Na ce rubuta!"

Ya rubuta. Rubutu a miƙe, bakwai ɗinsa ba ɗamara.

"Sauri nake yi ranar," in ji shi.

"To, rubuta da sauri."

Ya sake. Babu abin da ya canja.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Yaron nan a kafaɗata ya girma, ni na kai shi makaranta ranar farko, yau ni zai yi wa wayo?

"Kai, saurara. Waɗanda ke kwamitin nan malamai ne, shekara huɗu suna duba rubutunka. Takardar jarrabawarka ɗaya za su ɗauko su ajiye kusa da wannan, shi ke nan. Su kira abokin da ya sa maka hannu, ka ɗauka zai yarda a kore shi saboda kai? Kafin a gama tambaya ya amayar da komai."

Ya ajiye biron.

Na sassauta murya, don har ga Allah ina son a ce ƙarya aka yi masa. "Gudun lacca ba shi ne abin da ake tuhumarka da shi ba. In barci ka yi a ɗaki, faɗa mini. In ƙwallo ka je kallo, faɗa mini, zan nemo wanda ya gan ka. Ko ma me ya faru, zan tsaya a saurare ka yadda doka ta ce. Amma wannan takarda ba da hannuna za ta shiga ba, kuma ba zan miƙe in kira 'yar mutane maƙaryaciya ban san gaskiya ba. Ina kake ƙarfe biyu ranar Talata?"

Daga waje muna jiyo muryar uwarsa tana ba sakatariya labarin rigar da za ta ɗinka ta bikin kammala karatunsa.

Auta ya ɗago, idonsa ya yi ja. Ya dubi wajen da muryar take fitowa.

"Kawu," ya ce a hankali, "a rufe ƙofar tukuna."