Wace Ƙofa Zan Ƙwanƙwasa?

Fayil ɗin ya zame a kan teburin, ya ture kofin shayi, ya faɗo gaban ƙafafun Barira. Takardun suka watse a ƙasa. Ustaz Jibirin, mataimakin darakta a sashen tallafi na ma'aikatar jin daɗin jama'a, bai ko dubi inda suka faɗi ba.

"Sau nawa zan faɗa miki?" ya ce da Larabci, yana goge hannun rigarsa da hankici. "Gwamnati ba ta biyan mata su zauna suna surutu a waya."

Barira ta durƙusa tana tsince takardun ɗaya bayan ɗaya. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Shekarunta arba'in da bakwai, kuma zuwanta na shida ke nan wannan ofis. Tun da sassafe ta baro unguwarsu, Alsahafa, ta zauna a kan benci har aka yi azahar, don a ba ta minti biyar kacal.

"Ba surutu ba ne, Ustaz. Mace ta kira ta ce mijinta ya mutu ya bar ta da yara, ba ta san inda za ta nufa ba. Sai mu faɗa mata: je ki ofis kaza, ranar kaza, ki riƙe takarda kaza. Shi ke nan aikinmu. Abin da muke roƙo, a ba mu lambar da za a kira kyauta, da ɗaki, da albashin mutum biyu."

"Wa ya sa ku?"

"Ba wanda ya sa mu."

"To wanda bai sa ku ba, shi zai biya ku." Masinjan da ke bakin ƙofa ya yi dariya. Jibirin ya ja wata takarda ya fara karantawa. "Ki dawo ranar Lahadi, in kina da ƙafar dawowa."

* * *

Ba wanda ya sa ta, gaskiya ta faɗa. Shekara tara da suka wuce, ƙarfe ya faɗo wa mijinta Ɗanjuma a wata masana'anta a Bahri, ya karya masa baya. Wata biyar ta yi tana yawo daga wannan taga zuwa waccan. A nan a ce ba nan ba ne, a can a ce ta dawo gobe, wani wurin ma ba a ɗago kai an dube ta ba. Ɗanjuma ya cika a kan gadon igiya, bayansa duk gyambo. Bayan ta fita takaba ne wata mai sayar da shayi ta faɗa mata cewa akwai ofishin da ke ba irinsa keken guragu da magani, kuma yana bayan ginin da ta fi zuwa. Fiye da sau goma ta wuce ta gaban ƙofarsa ba ta sani ba.

Ranar ba ta yi kuka ba. Ta sayi littafin rubutu, ta koma yawon da ta gama, amma wannan karon tana tambaya tana rubutawa: wane ofis, wane bene, wace rana, me ake nema. Daga baya ta sayi waya, ta ba maƙwabta lambar. Lambar ta bi gari, daga bakin wannan zuwa kunnen waccan. Masu Hausa suka fara kira, sannan waɗanda ba sa jin Hausa ma. Da yawansu ba su da kuɗin kira, sai su yi mata filashin ta kira su. Ƙungiyar matan kasuwa ce ke ɗaukar nauyin katin wayar, har tsadar rayuwa ta sa suka ce sun gaza. Shi ya kawo ta gaban Jibirin.

* * *

Shagon yayanta Mainasara yana layin teloli a Kasuwar Umdurman. A lungun bayan shagon, tsakanin bandiran yadi, nan ta ajiye kujerarta da littattafanta. Da ta shigo, bai amsa sallamarta ba. Ya ci gaba da taka keke har ya kai ƙarshen ɗinkin, sannan ya ciji zaren.

"An zo nemanki."

"Wa, Yaya?"

"Mutum biyu. Ba ɗinki suka kawo ba. Sun tambayi sunana, sunan ubana, da inda aka haifi kakanmu." Ya miƙe, jijiyar wuyansa ta tashi. "A Jazira aka haife ni, a gonar auduga, ƙafata ba ta taɓa taka wata ƙasa ba. Yau ga ni ina rantse-rantse a gaban shagona kamar ɓarawo, maƙwabta suna kallo. Saboda ke!"

"Ban yi laifin komai ba."

"Kin je kin tsaya a gaban manya kina neman kuɗi. Shi ne laifin. Takardun zama ɗan ƙasa na 'ya'yana biyu suna hannun hukuma, ana jiran sa hannu. In aka riƙe su, wayarki ce za ta kai su jami'a?"

Wayar ta yi ƙara a cikin jakarta. Mainasara ya nuna ta da almakashi.

"Ki ɗauka a waje. Kuma ki ji ni da kyau, Barira: Ɗanjuma ya mutu. Ko duk birnin nan kika nuna wa hanya, ba zai tashi ba."

Ta dube shi har ya kawar da kai. Sannan ta fita ta tsaya a rana, tsakanin masu turin kura da ƙamshin barkono, ta amsa kiran. Wani mutum ne, an sallamo mahaifinsa daga asibiti an ce sai wankin ƙoda, bai san ta inda zai fara ba. Ta faɗa masa. Muryarta ba ta nuna komai ba.

* * *

Ranar Lahadi, ranar da ake komawa aiki a birnin, Jibirin ya ba ta kujera, abin da bai taɓa yi ba. Fayil ɗin nata ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe, ya daɗe a kan shafukan da ta jera ofisoshi da ranakunsu.

"Akwai hanya," ya ce. "Kwamiti zai duba. Amma sai kin kawo mana sunayen duk waɗanda suka taɓa kiranki, da lambobinsu, da unguwanninsu."

"Me za a yi da su?"

"A tantance. Kuɗin gwamnati na 'yan ƙasa ne. Mu san ko su waye ke amfana."

Barira ta dubi fayil ɗin da ke hannunsa. Ta tuna matar da ta kira tana raɗa daga makewayi don kada mijinta ya ji, da tsohon da gobara ta cinye takardunsa, da yarinyar da ta haihu ba aure tana tambayar yadda za a yi wa jaririn rajista.

"Ba na tambayar mai kira takardarsa, Ustaz. Amana suka ba ni."

Fuskarsa ta canja. Ya rufe fayil ɗin da ƙarfi.

"Amana! Kin san abin da kika jawo mana? Da, mutum goma ke zuwa tagar marayu a yini. Yanzu layi har titi. Kowa da takardunsa cif, kowa ya san sunan jami'in, kowa na cewa haƙƙinsa ne. Abin da ake ba mu bai ƙaru ba. Ki faɗa mini, daga ina zan ba su?"

"To ku faɗa wa na sama cewa bai isa ba. Ga layin nan shaida."

"Sai ke za ki koya mini aikina?"

"Wato ka fi so su yi ta yawo har su gaji."

"Wanda ya gaji, dama bai matsu ba."

Nan ne ta bar Larabci. Ta daɗe da gane shi, tun zuwanta na farko, ta yi shiru. Ta sunkuyo, ta yi magana da Hausa a hankali.

"Jibirin, ɗan Malam Zailani. Tare muka yi allo a zauren ubanka. Ranar da mahaifiyarka ta faɗi a gona, uwata ce ta goyo ta zuwa bakin titi, ba wanda ya san asibitin da zai karɓe ta. Ka manta?"

Masinja ya juyo yana kallonsu. Jibirin ya miƙe tsaye. Da Larabci ya amsa, da ƙarfi, yadda na waje za su ji.

"Ban san wane yare kike yi ba. Nan ofishin gwamnati ne. Fita!"

Ta miƙa hannu za ta ɗauki fayil ɗinta. Ya ɗora tafinsa a kai.

"Wannan ya shiga rajista. Ya zama na ma'aikata."

* * *

Wata huɗu bayan haka, manyan alluna suka bayyana a hanyar gada: hoton budurwa mai murmushi da abin magana a kunne, da gajeriyar lamba, kira kyauta. An yi bikin buɗewa a otal. A makon ne wasiƙa ta iso wa Barira, cewa ba da bayanai kan ayyukan gwamnati ba tare da izini ba laifi ne, tunda yanzu akwai layin hukuma. Mainasara ya karanta, ya ɗaure littattafanta da ƙyallen yadi, ya ajiye mata a bakin ƙofa. Washegari ya sa sabon keke a lungun. Kwana kaɗan aka rufe layin nata.

Ta ce wa kanta ba komai. In dai ana amsa wa mutane, ko sunan wa ke kai.

Wata safiya ta fito za ta hau mota, sai ta hangi Nagoggo a gindin bishiyar da take sayar da soyayyar gyaɗa. Tsohuwa ce da ta zo daga Jazira da girmanta, Larabcinta bai wuce na ciniki ba, kunnenta ɗaya ya mutu. Tana zaune a kan buhu, ta manna waya a kunnen mai ji, tana magana da ladabi.

"... tun da ta haihu ba ta san kowa ba, 'yata. Sakinatu sunanta, ɗiyar cikina ce. Jiya ta so ta jefa jaririn a randa. Mun ɗaure ta da igiya, igiyar ta ci mata ƙafa. Ni dai ki faɗa mini inda ake kai irinsu."

Barira ta tsuguna a gabanta. "Iya, da wa kike magana?"

"Yarinyar gwamnati. Maƙwabcina ya sa mini lambar. Kwana uku ke nan ina kiranta. Tana da kirki, ba ta taɓa kashe mini waya ba. Sai dai ban gane amsarta sosai."

Barira ta karɓi wayar ta sa a kunne. Kiɗa ne mai taushi. Ya tsaya, muryar mace ta ce da Larabci mai tsabta: duk ma'aikatanmu suna kan aiki, kiranku yana da muhimmanci a gare mu, a dakata. Kiɗan ya dawo. Ta saurara har muryar ta sake faɗin haka sau uku, ba ta canja ko harafi ba.

"Iya, rufe gyaɗar. Na san wurin. Tashi mu je mu ɗauko Sakinatu."

"To, Allah ya yi miki albarka. Amma ba ni wayar tukuna." Tsohuwar ta miƙo hannu. "Ban sallame ta ba, kada ta ce ba ni da tarbiyya."

Barira ta dubi wayar, kiɗan yana ta tashi a ciki. Ta miƙa mata.

Nagoggo ta gyara mayafinta, ta riƙe wayar da hannu biyu.

"'Yata, na gode da haƙurinki. Na samu mai raka ni. Ki gaida mutanen gida."

Ta ɗan jira, kanta a sunkuye, ko za a amsa.