Harafi Biyu a Ƙarshen Sunan Zanzaro

Shekara goma sha ɗaya kicin ɗinmu yana cike da kwalabe. Mamata, Marlys Dvorak, ita ke soke ƙwari a kan fil a ɗakin ajiyar ƙwari na jami'a, amma kwalaben nan aikin kanta ne. Kowace bazara takan tsinko naɗaɗɗun ganyen tuffa a tsohon lambun bayan gidanmu, kowanne da tsutsa a ciki, ta sa a kwalba ta rufe ta jira. Wata tsutsar takan zama malam-buɗe-littafi. Wata kuwa sai ta daina ci, wani ɗan zanzaro ya cinye ta daga ciki, ya fito bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Babana Wendell bai taɓa ƙaunar kwalaben ba. Ranar da ya bar mu ya kwashe ashirin ya watsa a shara, yana cewa ya gaji da cin abinci da tsutsa. Bai bar wa Mama komai ba sai sunansa, wanda ba ta sauya ba saboda ni.

Tun shekara ta biyu ta gane zanzaron nan daban yake. Ƙafafunsa na baya rawaya ne, kuma wata jijiya a fiffikensa ba ta kai baki ba. Farfesa Ekstrand, shugaban ɗakin, ya leƙa madubin ƙara girma na minti ɗaya ya ce, "Marlys, an san wannan tun kakanninmu. Ki huta."

Ba ta huta ba. Ta tara mata arba'in da uku, maza goma sha bakwai, kowanne da takardar rana da ganyen da ya fito. Sai da aka aika ƙafa ɗaya gwajin ƙwayar halitta sannan Farfesa ya yarda sabo ne, ba wanda ya taɓa ba shi suna.

"Sunanki zan sa masa," in ji shi. "Na rantse."

Ranar da mujallar kimiyya da aka buga sunan a ciki ta fito, Mama ta gasa kek na tuffa, muka kai ɗakin ajiya da rana. Ni ba na son taro, don haka na ja mujallar gefe na buɗe. Ga zanen fiffiken, ga ƙafar. Ga sunan a karkace: dvoraki.

Na sake karantawa sau uku. Na karanta littafin ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna da ke kan kantar Mama, domin ni duk abin da na samu karantawa nake. In don namiji aka raɗa, sunan yana ƙarewa da harafin i. In don mace ne, da ae. Na duba wajen bayanin suna, ko an ambace ta. Layi ɗaya ne: don gidan Dvorak, inda aka samo shi a lambunsu.

Da na yi shiru. Har yau ina wannan tunanin.

"Mama," na ce, "wannan ai na namiji ne."

"Me kike cewa, Tessa?"

"Dvorakae ya kamata. Wannan... na Baba ne."

Farfesa ya ajiye cokali, ya karɓi mujallar, ya matso da ita kusa da hancinsa.

"Kai! Lallai 'yar taki lauya ce," ya yi dariya. "Sabo ne kawai, hannu ya saba. Harafi biyu ne fa, Marlys."

"To a gyara mana, Farfesa," in ji Mama a hankali.

"Ai an buga. Suna in ya fito ya zauna, ko ni ban isa in taɓa shi ba. Da na rubuta sunanki a bayanin, da wataƙila a yi gardama. Amma wa zai lura? Mutum nawa ne a duniya suka damu da wannan ƙwaron, shida?"

"Bakwai," in ji Mama. "Ka manta da ni."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Ya ƙara yankan kek.

Bayan sati guda jaridar garinmu ta ɗauki labarin. Ranar Lahadi da hantsi waya ta yi ƙara, ni na ɗauka.

"Tessa, 'yar Baba! Kin ga an sa wa ƙwaro sunana? A wajen aiki har Farfesa suke kirana. Ce wa uwarki na gode, ashe tsutsotsin nan sun yi rana."

Mama tana wanke kwalabe kusa da ni, ta ji komai. Ba ta juyo ba.

Litinin ba makaranta, sai na bi ta wajen aiki. Farfesa ya bar mata akwatin zanzaron a kan tebur da 'yar takarda: a saka musu suna kafin Juma'a, rubutunki ya fi na kowa kyau. Guda ɗaya ake zaɓa ta tsaya a madadin irin gaba ɗaya, ita ke samun jar takarda, duk mai shakka har abada ita zai zo ya duba. Wadda aka zaɓa mace ce, ta fito daga kwalbar da Mama ta tsamo daga shara a ranar da Baba ya tafi.

"Mama, ki rubuta ae," na raɗa mata. "Wa zai lura?"

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke," ta ce. "Kuma wanda zai zo bayan shekara ɗari ya nemi sunan a littafi bai samu ba. Miƙo min alƙalamin."

Ta yanki jar takarda ƙanƙanuwa, ta sunkuya, ta rubuta dvoraki, harafi bayan harafi, ta ɗiga wa i ɗin ɗigonsa. Ta soke ta a ƙarƙashin macen. Sannan ta jawo sauran hamsin da tara.