Rumfar Wankan Attaher

Shekara talatin da ɗaya ina auren Attaher, amma ko ni da nake matarsa ban cika ganin bakinsa a tsakar gida ba. Ba'abzine ne, mutumin Dannet, kuma rawani a wurinsu sutura ce kamar wando. In zai sha shayi, ta ƙarƙashin amawali yake tura kofin. Innata, Allah Ya jiƙanta, har ta bar duniya ba ta san ko surukinta yana da gemu ba.

To wannan mutumin ne ciwo ya kayar. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan kamiyo, babbar motar kaya, a ramin ma'adinin yuraniyom nan Arlit, ya ajiye aiki lafiya lau, sai wata safiya ya faɗi a bakin pompon ruwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Kwanciya ta fara cin bayansa. Likita ya ce kullum da hantsi in fito da shi, in wanke shi, in bar gyambon ya sha iska da rana, in ba haka ba, zai ruɓe. Makewayinmu ko mai ƙafa biyu da ƙyar yake juyawa a ciki, sai na maida bayan ɗaki wurin wanka. In shimfiɗa tabarma, in kwance masa rawani, in tuɓe shi, in wanke shi tas. Daga ni sai shi sai katanga, babu wanda ya sani.

Ana nan sai Alhaji Fatahu, maƙwabcinmu mai kantin kayan mota, ya ɗora bene a kan gidansa. Ya zuba direbobin haya a sama, masu jigila tsakanin nan da Agadas. Su kuma da gari ya waye sai su fito baranda da wayoyinsu, wai a can ne rezo, wato sabis ɗin waya, yake kamawa. Barandar nan kuwa kai tsaye take kallon tabarmar Attaher.

Ranar farko da ya ɗaga ido ya ga mutum huɗu a samansa, yana tsirara, kai babu rawani, hannunsa mai lafiya ya kai ya rufe bakinsa. Ko gabansa bai tuna ba. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na yafa mayafi na nufi kantin Alhaji.

"Alhaji, mutanenka suna kallon mijina yana wanka."

"Subhanallahi! Maman Rashida, ai ban sani ba. Zan yi musu magana."

Ya kuwa yi. Kwana biyu barandar ba kowa. Rana ta uku waɗancan suka tafi da lodinsu, wasu sababbi suka sauka, waɗanda ba su ji komai ba. Na koma na ce ya toshe barandar. Ya ce ai saboda iskar barandar ake kama ɗakunan, in yi haƙuri. Haƙuri! Kowa a garin nan haƙuri yake rabawa, shi kaɗai ne ba ya ƙarewa a kasuwa. Na je meri, ofishin magajin gari, wani mai tabarau ya ce mutum yana da ikon yin gini a filinsa, in ƙara tsawon katangata. Na kira magini, ya ƙwanƙwasa katangar ya ce in aka ɗora mata ko layi uku na tubali, a kanmu za ta kwanta.

Na kafa itace na ɗaura tabarmi. Iska ta kwashe su cikin sati, ɗaya ma a gidan Alhajin na tsinto ta. Na ɗaura tamfol, ranar Arlit ta soya shi ya dinga fashewa kamar ƙosai ya ƙone. Wata ta ce in dasa darbejiya. Na ce, "Baiwar Allah, kafin ta yi tsawon bene ai ni da shi mun daɗe a kushewa."

Sai na je bayan kasuwa wurin Dodo mai tsoffin ƙarafa. Ya nuna mini wasu faranta na ƙarfe masu kauri, guda shida, da bututu huɗu na kafawa. Ban tambaye shi daga ina suka fito ba. Kada wani ya ce ban sani ba, na sani sarai. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san ƙarfe mai kauri haka daga wuri ɗaya yake fitowa, kamfanin ma'adinai, kuma ya san abin da ake faɗa a kansa. Amma rabin ƙofofin unguwarmu da shi aka yi, har da tukwanen wasu. A Arlit in ka ga ƙarfe mai kyau, ka yi bismilla ka ɗauka, ba a tone-tone.

Dodo ya zo ya kafa mini rumfa, rufi a sama, bango ta ɓangaren bene. Kai, ranar na yi barci! Da hantsi na fito da Attaher, ya ɗaga ido bai ga kowa ba sai ƙarfe. Ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ce, "Zulai, kai jarumi ne." Hausarsa ke nan, har yau "kai" yake ce mini. Wata biyu muka yi a haka. Gyambon ya fara bushewa, har ya koma neman shayi bayan wanka, yana sha a ƙarƙashin rumfar kai buɗe.

Ghissa ne ya ɓata mana. Abokin aikin Attaher ne tun suna samari, yanzu yana cikin wata ƙungiya da ke bin gidaje da na'urar awo, 'yar ƙarama kamar rediyo, suna neman ƙarfen da ya ɗauko gubar ma'adinai. Dubiya ya zo, ba aiki ba. Amma da ya leƙa bayan ɗaki ya ga rumfar, sai ya zaro na'urar daga jaka. Tun bai kai ga ƙarfen ba ta fara ƙit, ƙit, ƙit. Da ya ɗora ta a kan farantin sama, sai ta ɓarke da kuka ba tsayawa.

"Matar yaya, awa nawa yake yi a nan ƙarƙashi?"

"Biyu, wata rana uku. Ghissa, don Allah kashe abin nan, yana ji."

"Ko na kashe, ƙarfen ba zai daina ba. Dole a cire shi."

Na hau shi da faɗa. Na ce lokacin da mutane suke leƙen abokinka tsirara ina na'urarka take? Akwai wadda take auna kunya? Na yi ta yi har na gaji don kaina. Attaher ya kira shi daga ɗaki, ya ce da ƙyar, "Shekara ashirin da shida ina shaƙar shi a rami. Yanzu ne zai kashe ni? Bar mini rumfata."

Ghissa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na ji Rashida za ta zo haihuwa."

Rashida 'yarmu ce tilo, tana aure a Tchirozérine, cikin fari, wata takwas. Gida za ta zo ta haihu, kuma wankan jego na kwana arba'in a ina za a yi shi in ba a bayan ɗakin nan ba? A ina za a shanya kayan jariri? Na dubi Attaher, ya dube ni. Shi ya fara kawar da kai. Ya ce, "Cire."

Washegari suka zo da safar hannu da mota, suka kwance faranta shida da bututu huɗu, suka tafi da su. Ghissa ya yi alkawarin ƙungiya za ta nemo mana kwanon rufi mai tsabta. Yau wata guda ke nan, an ce takardar neman kwanon tana Agadas.

Kwana biyar Attaher ya ƙi fita. Rana ta shida na juya shi na ga gyambon ya buɗe, yana wari. Na ce ko yana so ko ba ya so, yau sai rana ta gan shi. Ya ce to, amma kada in taɓa rawanin. Haka na jawo shi, na tuɓe shi, na bar masa rawani da amawali. Ina zuba ruwa, shunin rawanin yana zuba a ƙirjinsa, shuɗi-shuɗi har kan tabarma.

Sai muka ji murya daga sama. Wani direba ne, dattijo ma, da wayarsa a hannu.

"Sannu, Baba! Ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi."

Da zagi ya yi, da na san abin da zan yi da shi. Gaisuwa ce, tsakaninsa da Allah. Attaher ya runtse ido, na ga amawalin yana jiƙewa ta inda ban zuba ruwa ba.

Na fizgo zani daga igiya, na miƙe tsaye tsakaninsa da benen, na ware shi da hannu biyu iya tsawona. Inuwar ta rufe shi daga kai zuwa gwiwa. Sabulu yana bushewa a jikinsa, kwanon ruwa yana gefen ƙafata, kafaɗuna sun fara rawa.

"Zulai," ya ce a hankali, "wanke ni mu shiga."

"To, maigida," na ce.

Ban motsa ba. Hannu biyu Allah Ya ba ni, kuma duka biyun suna riƙe da zani.