Ɗigon Kwalli a Goshin Abba

Yatsan Ammu na fara gani. Muna zaune a gindin mangwaron makarantar firamare, filin cike da mutane, kowa da nasa tsohon a ciki wurin likitoci. Ta miƙo mini ƙullin soyayyiyar shinkafa, sai na ga ɗan yatsanta baƙi ƙirin kamar ta shafo gindin tukunya.

Na ce, "Ammu, me kika taɓa?"

"Kwalli ne."

"Kwalli kuma? Wa kika yi wa kwalliya da sassafen nan?"

Ta ja bakin sarinta, dogon zanen da take yafawa, ta rufe hannun. Na san uwata, in ta ɓoye abu to da magana.

Abbana, Mofizuddin, masunci ne. Shekaru ke nan da yanar ido ta rufe masa ido biyu, sun yi fari fat. Ammu ke jan sa da sandar gora, ita a gaba shi a baya, ta kai shi ƙofar masallaci, ta kai shi bakin kogi ya ji ƙamshin ruwa. Ni ina birnin Gazipur ina ɗinki a masana'antar tufafi, sai Sallah suke ganina. Da na ji jirgin ruwan likitocin ido masu aikin sa kai zai tsaya a tsibirinmu, na roƙi hutu, aka hana ni, na taho abina.

Jiya ni na kai shi gwaji. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasarmu, Shipra Apa, ta haska masa tocila a idon dama, ya ce yana ganin haske. Ta haska na hagu, ko ɗis. Wannan tun ina ƙarama filafilin kwalekwale ya buge shi.

Ta ce mini, "Na hagu ya mutu tun daga ciki, ko an cire yanar ba zai gani ba. Na dama za a yi." Ta ɗauki alƙalami mai shuɗin tawada ta ɗiga masa alama a saman girar dama. "Kada a goge wannan, Morjina. Mutane sun yi yawa, likita ba ta jin yarenmu na Bangla, alamar nan take bi. Ido ɗaya ake yi wa kowa. Gobe ne aikin ƙarshe, ruwa na janyewa, jibi da safe za mu kwance bandeji mu tashi kafin jirgi ya kafe a yashi."

Na dawo gida na faɗa wa Ammu, na maimaita mata. Ko alwala ban bar shi ya wanke goshi ba, taimama na sa ya yi yana ta mita. Yau da asuba na riga su fitowa don in kama layi. Ita ta kawo shi daga baya, da mayafi a kansa saboda rana, aka karɓe shi a bakin igiyar da aka tare ƙofa da ita aka shige da shi. Ban buɗe mayafin na duba ba.

Yanzu ga yatsa baƙi.

"Ammu, don Allah ki gaya mini. Wa kika sa wa kwalli?"

Ta ce a hankali, "Babanki. Ɗigo ɗaya ne kawai, saboda bakin mutane. Kowa na cewa yau Mofiz zai gani, yau Mofiz zai gani. Bakin nan ya yi yawa."

"Ɗigon jarirai? A goshin tsoho mai gemu?"

"To ba ni nake ba shi abinci a baki ba?"

"A wane gefe?"

"Inda ake sawa mana. Hagu."

Na ce, "Alamar likita fa?"

"Tana nan. Da na shafa masa man kwakwa a ka na kauce mata."

Man kwakwa! Ammu in ta shafa wa Abba mai, tun daga ƙeya har gemu take bi, sai ya yi ƙyalli. Wace tawada ce za ta tsira? Ban san lokacin da ƙullin shinkafar ya zube ba, na kwasa da gudu.

A bakin igiya Kuddus mai gadi ne, da sandarsa da sabuwar rigar da aka ba shi. Tun da aka ɗora shi a ƙofar nan yake tafiya kamar shi ya kawo jirgin.

"Kawu, ka bar ni in shiga, za a yanka wa Abbana idon da ba shi ba!"

"Ke 'yar birni, koma ki zauna. Ko ɗan majalisa ba ya tsallake igiyar nan."

"To kira mini Shipra Apa!"

"Tana aiki. Kowa nan ubansa na ciki, ba ki ga sun yi shiru ba? Ke kaɗai ce mai uba?"

"Wallahi in idon nan ya salwanta, a wuyanka!"

"A'a, ji ta! Likitar da ta ƙetaro teku ba ta sani ba, sai ke mai ɗinkin wanduna?"

Na zagaya gefen ginin, na leƙa ta tsakanin katakon taga. Ajin farko nan ake allurar kashe zafi, na biyu nan ake aikin. Ina leƙawa na ga an fito da Abba daga na farko, an sa masa hular leda, wani na riƙe da hannunsa. Idonsa na hagu an danne shi da auduga. Sama da shi ga ɗigon Ammu nan baƙi, daram. Gefen dama kuwa sumul, sai ƙyallin mai. Aka shiga da shi aji na biyu aka rufe ƙofa.

Na ƙwala kira, "Abba! Shipra Apa!" Ƙarar janareta ta cinye muryata.

Janaretan na nan kusa da ni, da jan maɓallinsa. Har na miƙa hannu. Sai na tuna gado biyu ne a ajin, a kan ɗayan akwai uwar wani da wuƙa a idonta. Na janye hannuna. Da na juya, na ga guntun ƙarfen da ake bugawa in yara za su tashi, a rataye a reshen mangwaro, da gudumarsa a ƙasa. Na ɗauka na dinga maka masa da duk ƙarfina. Filin ya hargitse, yara suka fashe da kuka, Kuddus ya taho yana zagina har kakanni. Ya riƙe mini hannu ɗaya, na ci gaba da ɗayan.

Ƙofa ta buɗe, Shipra Apa ta leƙo, bakinta a rufe, idanunta kamar za su cinye ni.

"Wace mahaukaciya ce wannan? Kin san hannun likita zai iya gocewa?"

"Apa, ɗigon goshin Abbana ba naki ba ne! Kwalli ne! Dama kika ce, dama!"

Ta tsaya cak. "Mofizuddin? Ai na sa an tambaye shi wane ido, ya ce likita ta fi shi sani."

"Haka zai ce! Ko ƙafa za ku yanke masa haka zai ce!"

Ta juya da gudu, ƙofa ta rufe.

Janareta na ta ruri. Kuddus ya sake ni. Mutane suka zagaye ni, wata tsohuwa tana ta salati. Ni kuwa ƙofar kawai nake kallo, ina lissafin yadda zan gaya wa Abba cewa an yi aikin, amma zai ci gaba da zama a duhu har jirgi ya sake zuwa, in zai zo.

Can sai ga likitar da kanta a bakin ƙofa, Dakta Marit, doguwar mace mai furfura, hannuwanta a ɗage cikin safar hannu. Shipra Apa na gefenta da guntun auduga da ya yi baƙi. Likitar ta yi magana, muryarta a dashe, Shipra Apa ta mayar mini.

"Ba ta yanka ba. Ta riga ta buɗe idon, wuƙa na hannunta. Ta ce laifinmu ne da ba mu sake haska masa tocila ba. Za a yi na dama, amma sai an gama da kowa, don sai an sake masa allura. Ki yi addu'a man janareta ya kai mu."

Na koma gindin mangwaro. Ammu na tsugune tana lalube tana tsince shinkafar da na zubar. Duk tsoron da na sha sai ya koma fushi, na sauke mata shi a gaban mutane.

"Sau nawa na gaya miki? Alama shuɗiya ƙatuwa a goshin mutum, ba ki gan ta ba? Ke ma makauniyar ce? Da kin gama da shi yau, da hannunki!"

Ta ci gaba da tsintar shinkafa har da tsakuwa.

Wunin nan ban ci ba, ban sha ba. Kunnena na kan janareta. Duk tarin da ya yi sai na miƙe tsaye. Bayan la'asar ya mutu gaba ɗaya, na ga Kuddus da kansa ya ruga bakin kogi ya dawo da jarka da ya karɓo wurin masu kwalekwalen inji. Rana na daf da faɗuwa aka fito da Abba, bandeji a dama. Sai da na taɓa shi da hannuna sannan na yarda.

Da safe aka jera su a barandar makaranta. An riga an kwashe gadaje da injuna zuwa jirgi, ma'aikata na ɗaure sauran akwatuna. Dakta Marit na bi tana kwance bandeji ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan Abba ta cire, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ya dubi tafin hannunsa, ya juya bayansa. Ya ɗago ya dube ni.

"Morjina? Kai, kin rame. Ba a ba ku abinci a birnin?"

Na yi dariya ina kuka. Ya waiga yana nema. "Ina uwar taki?"

Ammu na tsaye can baya da sandar gora. Na jawo ta, ta durƙusa a gabansa tana sunkuyar da kai kamar amarya. Ya ɗago haɓarta. Ya daɗe yana kallo, murmushinsa na gushewa a hankali.

"Uwar Morjina, tun yaushe?"

"Me?"

"Idanunki. Tun yaushe?"

Na matso na duba da kyau, abin da ban yi ba tun zuwana. Baƙin idonta duka biyu ya yi toka-toka, kamar ruwan shinkafa.

Ta ce, "Ya kwan biyu. Ina gane hanya ai. In na faɗa aka kwantar da ni, wa zai ja ka?"

Maganar da na yaɓa mata jiya ta dawo mini. Kunya ta kama ni.

Shipra Apa ta haska mata tocila, dama da hagu, duka suna ganin haske. Ta yi magana da likita, sannan ta ce kayan aiki sun riga sun shiga jirgi, amma za su sake kafa sansani a wani tsibiri can ƙasa, tafiyar wuni guda. In za mu iya zama a kan akwatuna, mu taho yanzu.

Ammu ta fara cewa kaji, ta fara cewa tukunya na kan wuta. Abba ya miƙe, ya karɓi sandar daga hannunta, ya kama gaba, ya miƙa mata bayan.

"Riƙe nan. Akwai gangara, ki bi a hankali."

Na ɗauki ƙullin kayanmu na bi su a baya zuwa bakin ruwa.