Butar Bola

…kuma ba ta da nauyi, shi ne abin. Na ɗauka za ta fi haka nauyi. Buta ce dai kamar kowace buta — baki, hannu, murfi. Ruwa rabi a ciki. Ga ta gabana bisa dakali, ga maza uku can ƙarƙashin itacen bedi suna yi kamar ba ni suke kallo ba.

Malam, ka ga abin da ka tafi ka bar ni da shi?

Ɗanka ne ya kawo sauran biyun. Ɗan farin nan naka… Abdussamad. To, ga shi na faɗa. Cikin rai ne, ba wanda ya ji. Atalyen nan na Konni, ɗan wurin sana'ar da ka kafa mishi da ɗan abin da ka fito da shi daga aikin izin, masana'antar siminti, inda yake zuba butoci da kofuna da robar wanki — yanzu abin ya tsaya mishi. Ƙwayar robar da yake sayowa daga Najeriya ta yi tsada, iyaka kuma yau a buɗe gobe a rufe. Shi ne ya ce zai koma tsintar tsofaffin robobi. Karyayyun kujeru, fasassun bido, jarkokin nan, bokitai, duk abin da mutane suka yar. A wanke, a niƙa, a narke, a sake zubawa. Injin niƙan ne ba shi da halin saye. Na wani ya ara a Sakkwato ya gwada, ya fito da 'yan butoci.

Wagga tana cikinsu.

Masu kuɗin ga su nan. Alhaji Muttaƙa mai shaguna a kasuwar Konni, ya harɗe, yana jan tasbaha kamar mai jan akuya. Sai Jaje, Bafillacen nan na Dogarawa da kake sayen ragon layya wurinshi, ka tuna? Ya tsufa. Har yanzu sandar tana bisa kafaɗa ko yana zaune.

Tun azahar suke magana. Ina ji ta bayan zana, ina tsince wake. Maganar tana shiga kunnena tana fita kamar ƙarar kamiyon siminti a kan hanya — ka san yadda ake daina jin su.

"Ni ba ƙin yaron ga nike ba, Jaje," in ji Alhaji. "Hannu gare shi. Amma kasuwa ba ta san hannu ba. Ranar da mace guda ta ce butar bola ce, a bakin famfo, shi ke nan. Ko kyauta ka ba su ba su amsa. Wa zai yi alwala da fo ɗin kashin yara?"

"Alhaji, kai da ka girma da ruwan tabki kake tsoron buta?"

Dariya. Ban da yaron.

Jaje shi shanunshi ya sani. Ya ce saniyar da ta rame mishi bara har ya yanka, abin da aka fid da cikinta ya cika kwando — leda, leda, duk ta murɗe kamar igiya. Yaron ya ce leda sai nan gaba, Baffa, roba mai tauri za a fara da ita. Jaje ya ce to ledar dai, yaro, ledar. Zai sai da bijimai ya shiga, amma sai Alhaji ya shiga. Ba ya tsallaka gulbi sai ya ga inda ruwa ya kawo ma na gaba.

Alhaji kuma… wutar lantarki fa, in ta ɗauke? Butocin Kano fa, masu arha? Wa zai tsinto, wa zai wanke? Yaron yana ba shi amsa ɗaya ɗaya, muryarshi a ƙasa, irin taka in kana son abu. Duk ya amsa. Sai wagga ɗaya, ta zancen alwala.

"A kai ma Malama Uwani," in ji Alhaji. "Matan Malbaza duk ita suke tambaya zancen tsarki. In ta yi alwala da ita gabana, na shiga. In ta ƙi, ba ni da ta cewa."

Malama. Ni da ban taɓa zama benci a lakwal, makarantar boko, ba. A jikin buhun siminti na fara gane baƙi, kai kana nuna mini da ɗan yatsa mai fari-fari, kana dariya in na juya shi kai ƙasa… sannan littattafan ɗiyarmu Rashida in ta yi barci… sannan ɗan littafin nan na ibada mai jan bango, da na bi shi layi layi har ya rabe biyu. Iyakar malantar ke nan. Mata suna zuwa su tambaya a hankali — jinin kaza, kwanan kaza, yaro ya yi fitsari a zane — ni kuma in faɗi abin da na gani a rubuce. In an yi rasuwar mace a kira ni wanka. Shi ke nan. Yaushe wanga ya zama abin da ake sa hannun jari a kanshi?

An kira la'asar a masallacin tasha. Namu bai kira ba tukuna.

Yaron ne ya ɗauko butar ya aje nan. Bai dube ni ba. Ni ma ban dube shi ba. Tun yana goye haka muke, ka sani — ɗan fari, ba a yabo, ba a kira, ba a tsaya mishi gaban mutane. Ranar da ya faɗi daga bisa jaki a Badagishiri, gwaggonshi ce ta ɗauke shi, ni ina tsaye ina gyara ɗankwali. Yau kuma ana so in fito tsakar gida, gaban maza, in ce da hannuna: na yarda da abin yaron ga.

Ya aske gemu bai daidaita ba. Ta gefen ido na gani. Ya rame ta wuya. Matarshi ta ce ba ya barci, ma'aikata biyu ya sallama, inji ɗaya an lulluɓe shi da buhu…

Launin butar ne. Ba launi guda ba. Toka-toka, ga ja ya ratsa, ga shuɗi, kamar an dama fura da abubuwa da yawa ba ta gama haɗuwa ba. Kujerar wa? Bidon wa? Man wa aka zuba, maganin ƙwarin wa? Wace jaririya ta zauna kan wanga jan? Gari guda ne aka narke aka ba ni in riƙe da hannu ɗaya.

Ga kuma kore. Siririn layi, daga wuya ya gangaro ya kewaya ciki.

"Har bolar bayan gidanmu mun kwashe, tas." Haka ya faɗa ma Rashida ran nan, da ƙarfi, don in ji. Yana murna.

Koren bokitin nan, Malam.

Kasuwar Badagishiri, shekarar da albasa ta yi kyau, ka ɗora shi a kai kamar hula kana ba ni kunya gaban dangina. Da shi na yi wankan jegon Rashida. Da shi ake jiƙa gero. Hannunshi ya cire ka sa waya. Da shi… ranar nan, da safe, maza suka miƙo hannu ta ƙofa suka ce a ba su ruwan wankanka, ni na cika shi, ni na sirka, na sa gwiwar hannu na ji ɗuminshi kamar wanda za a yi ma jariri — don ba ka son ruwan sanyi. Ba ka son ruwan sanyi. Suka shiga da shi. Suka fito da shi ba kome.

Wata huɗu da kwana goma yana jingine a bango yana kallona. Ran da na fita takaba na ɗauke shi na kai bola da kaina. Bai fashe ba. Lafiyarshi lau. Na kife shi na dawo.

Kore nawa ne a duniya? Kowane gida da koren bokiti. Na Tsahara maƙwabciya ma kore ne. Ba shi ba ne. Wataƙila shi ne. Wa zai sani — wuta ta ci, inji ya niƙe.

Ban ji kome ba. Ka gane? Ina kallon layin nan ina jira in ji wani abu, ƙirjina shiru kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Tun da ka tafi haka nake. Ina salla, jiki ya san hanya. Ina dafa tuwo. Mata suna kuka wurin rasuwa ina matse zane ina cewa a miƙo sabulu. Suna cewa Uwani akwai tawakkali. Tawakkali ne wanga, ko dai wani abu ne ya mutu bai sami mai wanke shi ba?

Littafi ya ce ruwa ake dubawa. Launinshi, ɗanɗanonshi, warinshi. In ba abin da ya sake, mai tsarki ne. Na buɗe murfi — ruwa ne, fari, ina ganin gindinta. Na sunsuna. Warin sabuwar roba, irin na kowace sabuwar buta. An wanke, an ƙona da wutar da ta fi ta murhu. Ba najasar da za ta rayu cikin wagga wuta. In wata ce ta zo ta tambaye ni a bayan ɗaki, da tuni na ce mata yi alwalarki, 'yar nan, Allah bai tsananta ba.

To mi ya riƙe hannuna?

A gindinta akwai rubutu, na shafa na ji. Sunanka ne ya sa. Ban taɓa kiran shi da baki ba, yanzu ga shi ƙarƙashin buta, zai zauna cikin laka a bakin kowane masallaci daga nan har Illela.

Ledar cikin saniyar Jaje… shekara nawa ta yi tana yawo kafin ta sami cikin da za ta kwanta? Ba ta ruɓewa. Bokiti ba ya ruɓewa. Ka yar da shi, ya yi rana, ya yi damina, ya dawo maka ta ƙofar gida da sabon baki da sabon hannu. Kai kaɗai ƙasa ta karɓa. Kai ta karɓa, ta ƙi bokitin.

Alhaji ya yi gyaran murya. Tasbahar ta tsaya.

Namu masallacin ya kira.

In na tashi na shiga ɗaki na ɗauko tsohuwar butata, ba wanda zai ce kome. Alhaji zai ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya shiga mota. Jaje ya saɓa sanda. Yaron zai naɗe tabarma — zai naɗe ta daidai, a hankali, kamar yadda kake yi in an hana ka abu — ya ce Inna sai an jima. Ya koma Konni ya lulluɓe ɗaya injin. Wataƙila ya bi 'yan uwanshi Agadas, ko can inda ake haƙar zinariya, inda ake dawowa da labari ba mutum ba.

Hannuna ya tafi da kanshi.

Ɗumi. Rana ta dafa ruwan cikin roba — ɗumin nan dai, na gwiwar hannu, wanda ba ya ƙuna ba ya sanyi. Yana bin yatsuna yana sauka ƙasa, ƙasa tana shanyewa. Dama. Hagu. Na kai baki… ruwa ne. Ruwa ne kawai. Hanci. Fuska. Hannu har gwiwa. Na ja mayafi na juya musu baya in shafi kai, ina jin idanunsu a bayana kamar rana. Ƙafa. Koren layin yana ƙarƙashin babban yatsana duk tsawon lokacin, ban matsar da shi ba.

"To," in ji Alhaji. "To, madalla."

"Ka ga inda ruwan ya kawo mata, Alhaji? Ko idon sawu bai kai ba," in ji Jaje.

Suna tashi, suna kakkaɓe riguna, za su masallaci. Alhaji yana cewa gobe a zo shago a zauna, amma zancen wutar lantarkin nan sai an sake dubawa, kuma kar a rubuta bola ko'ina, a ce sabon zubi. Jaje yana cewa ledar dai. Yaron ya wuce ta gabana, ya rage tsawo kaɗan kamar mai neman takalmi, na ji numfashinshi ya fita — dogo, irin wanda aka daɗe ana riƙo. Na gyara ɗankwali.

Gida ya yi shiru. Kaji. Kamiyo can nesa.

Ruwa yana bushewa a fuskata, sai yanzu nake tambaya… niyya fa? Na yi? Na ce bismillah, na san bakina ya motsa. Amma don wa? Na wanke hannu don Alhaji ya gani. Na wanke fuska don injin niƙa. Ni da nake ce ma mata abin da aka yi don idon mutane ba ya hawa sama ko taƙi ɗaya. Wagga alwala ta kasuwa ce, Malam. An saye ta tun ba ta bushe ba. Ba zan iya tsayawa gaban Ubangiji da ita ba.

Sai na sake. A bayan ɗaki, inda ba kowa.

Tsohuwar butata tana can bakin randa inda take kullum. Wagga tana nan, da sauran ruwa a ciki, da ɗuminshi. Ba mai kallo yanzu. Ba wanda zai sani, ko yaron, ko Alhaji, ko matan da za su je kasuwa su ce Malama ma da ita take yi.

An ta da salla. Ina jin liman.

Ina zaune tsakaninsu, tsohuwar can, wagga nan… hannuna a bisa gwiwa, a buɗe, yana ɗiga.