Hantar Dutse

Mairama ce ta raɗa masa suna, kuma da ta san abin da sunan zai jawo, da ta kama bakinta.

A shekarun da aka gama yaƙin Turawa na biyu, mijinta Mukhtaru yana dakon inabi da rumman a kan jakuna daga Ɗa'ifa zuwa Makka, ta hanyar dutsen Kara. Idan zafin Makka ya ishi kowa, sai ya tafi da ita can sama ta sha iska. A wani lungu kusa da ƙololuwa, inda ruwa ke tsattsafowa daga tsagar dutse, ta ga wani ɗan tsiro kore shar, ba kara, ba fure, ya shimfiɗe ya manne da dutsen ɓangare-ɓangare kamar hantar akuya. Duk faɗinsa bai wuce faifai biyu ba. Ta leƙa sauran lungunan, babu irinsa. Tun da ta baro ƙasar Sakkwato, ba abin da ya tuna mata da bakin rijiyar gidansu sai shi, nan take ya shiga ranta. Ta kira shi hantar dutse, ta dawo unguwa tana ta ba da labari.

To, mutanenmu sai a hankali. Daga jin hanta, sai aka ce ai maganin shawara ne. Ba wanda ya gwada, ba wanda ya tambaya. Duk ɗan dakon da zai hau Kara sai an ba shi sautu ya kankaro, alhazai masu komawa gida suka sa shi cikin tsaraba tare da dabino da Zamzam. Da Mairama ta sake hawa, abin da ya rage bai kai tafin hannu ba. Ta zauna a gabansa, ranta ya ɓaci ƙwarai.

Sai dabara ta faɗo mata. Kowa ya san ba a tsinke tsiro a cikin Harami, Kara kuwa a wajen iyaka yake. Ta sa Mukhtaru ya ɓamɓaro ɓallin dutsen, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, ta kawo gida ta ajiye ƙarƙashin randa, inda ruwa ke ɗiga.

Ba a jima ba maƙwabciyarta Hadijatu ta yi sallama. "Yaya Mairama, ƙanena zai koma Kano. A ɗan kankaro mini mana."

"Haba Hadijatu, a Harami fa muke."

Hadijatu ba ta yi musu ba. Ta tafi wurin Malam Dawuda, limamin unguwa, ta dawo da fara'arta. "Malam ya ce wanda ya tsiro da kansa aka hana. Wanda mutum ya ɗauko ya dasa, ma fi mushkila, wato ba laifi."

Mairama ta dubi ƙarƙashin randa. Ashe da hannunta ta mai da shi shuka. Ga shi kuma gefensa ya fara ƙonewa, don iskar Makka ba tasa ba ce. Ta ba Hadijatu haƙuri, ta bi Mukhtaru a tafiyarsa ta gaba, ta cusa ɓallin dutsen can cikin tsagar inda ta ɗauko shi.

Suna gangarowa suka haɗu da Tijjani ɗan dako, da wuƙarsa a ƙugu. "Ya Hajja, a wane lungu hantar dutsen nan take? An ba ni sautu."

Mairama ta ce, "Wace hanta? Gansakuka ce, irin ta bakin rijiya. Ni ce na ruɗe."

Tijjani ya yi tsaki, ya juya ya kora jakinsa gida. Wa zai kai wa uwarsa gansakuka tsaraba daga Makka? Kafin su iso gida magana ta riga su. Mata suka sa ta a gaba da tsiya, sunanta ya koma Mairama Gansakuka, har jikokin maƙwabta da shi suka san ta. Abin ya yi mata zafi, amma ba ta taɓa gyara wa kowa ba.

Duk shekara takan hau Kara. Tsiron ya farfaɗo, ya wuce tafin hannu, ya kai faifai. Wata rana Mukhtaru ya tsaya a bayanta ya ce, "Kin ga hantar taki ta yi kyau."

Mairama ta waiga, ta dubi hanya. Ba kowa sai jakuna. Duk da haka ta ce, "Gansakuka, Malam."